Layi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Shekara talatin da huɗu ina tura keke
tsakanin Safa da Marwa.
Tsofaffin Jawa, tsofaffin Katsina,
wani Baturke mai nauyin buhu uku,
na kai su, na dawo da su, bakwai-bakwai.
In mun iso korayen fitilu sai in ƙara sauri
kada ladan sassarfa ya wuce su suna zaune.
Ban taɓa tambayar gwiwata ra'ayinta ba.

Ita ta fara magana, wani watan azumi,
ƙaras-ƙaras kamar ana tauna aya.
Likita ya ɗaga hoton ƙashi wajen haske:
"Ammu Ukasha, guringuntsi ya cinye,
ƙashi ke gugar ɗan'uwansa."
Suka yanka, suka sa ƙarfe da roba, suka ɗinke.
Wata bakwai ina hawan tudun gidanmu a Sharar Mansur
ina rigan jikokina isa ƙofa.

Sai ɗumi.
Ba ciwo ba tukuna, ɗumi,
kamar an manta garwashi a ƙarƙashin ɗinki.
Tasalla ta ɗora tafinta ta janye:
"Wannan ai sai a dafa shayi a kai."
Muka yi dariya. Kwana tara muka daina.

Suka zuƙi ruwan da allura, launin kunun da ya kwana.
Wai ƙwayar cuta ta yi gida a jikin ƙarfe,
inda jini ba ya ratsawa,
magani ya zo ya yi sallama, ba mai amsawa.
Suka buɗe tsohon ɗinki, suka cire abin da suka ba ni,
suka cusa siminti mai magani a gurbinsa.
Mako shida ƙafata a miƙe kamar taɓarya,
ƙarin ruwa na ɗiga, ina ƙirga shi maimakon carbi.
Sannan yanka na uku, a kan hanyar na farko.
Fata ma ta san hanyar, ba ta yi gardama ba.

A nan na san Dakta Rawan.
Ba ta riƙe wuƙa, tambaya take riƙewa.
Nawa ne sukarinka? Nauyinka? Ka taɓa shan taba?
Haƙorin nan da aka cire, kafin aiki ne ko bayansa?
Daga ɗaya zuwa goma, ina ciwon yake?
Na ce, "'Yata, da dare ya wuce lissafinki."
Ta ce yawanci in an sa musu sun tafi ke nan,
mu 'yan kaɗan ne masu dawowa,
kuma dalilin dawowarmu take farauta,
don wanda za a yanka baɗi.
Na leƙa takardarta. Babu sunana.
Layi na ɗari biyu da sha ɗaya.
Samana wata ce da ƙugunta ya goce a banɗaki,
ƙasana wani da ƙarfensa ya saki kamar tsohon ƙusa.
Ban san su ba, amma ina sa su a addu'a da lambarsu.

Ta tambayi tsani, ta tambayi shiga mota,
ta rufe alƙalami.
Na ce, "Saura ɗaya.
Wata goma sha huɗu goshina bai taɓa ƙasa ba.
A kujera nake sallah, ina nuna sujada daga nesa
kamar mai gaida maƙwabci ta kan katanga."
Ta duba, babu gurbin wannan a takarda.
Ta rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Da na koma bayan wata uku,
ya shiga cikin tambayoyi, na goma sha tara.
Ta karanta mini shi kamar ban san mai shi ba.
Na ce, "Tukuna."

Jiya Muhannad ya tura ni umra.
Yaron bai iya kwana a Marwa ba,
yana ja da hannu maimakon kafaɗa.
Da muka iso korayen fitilu ya rage tafiya
wai don kada gwiwata ta girgiza.
Na bugi hannun keken:
"Ƙara sauri, ɗan nan. A nan ake gudu."